Kwaɗon Iya Falmata da Kwamfutar da Ta Ƙi Barci

Kakarmu Iya Falmata bandar kifi take yi a ƙauyenmu, can bakin fadamar Haɗeja. Bayan sallar isha'i mukan zagaye wutar bandar, hayaƙi na korar mana sauro, ita kuma tana juya tarwaɗa. Sai ta ce, "Ga ta nan tafe. Wanda ya yi gyangyaɗi ta wuce shi."

Akwai tatsuniyar da na tsana, ita ce ta masunci da kwaɗo. Wai masunci ya jawo koma, ya tarar da wani ƙaton kwaɗo a ciki. Kwaɗo ya ce, "Ɗora ni a fuskarka, in nuna maka garin da ke ƙarƙashin ruwa." Ya ɗora, ya ga kasuwanni da fararen shanu, abin ya yi masa daɗi, ya kai kwaɗo gida ya sa a tukunya. Tun daga ranar, da ya runtse ido sai ya ji kwaɗo ya ce, "Mai gida, kana nan?" Dole ya amsa. Yauƙi ya saɓule masa fatar fuska, ƙarni ya kori iyalinsa daga ɗakin. Ƙarshe barci ya kwashe shi a tsakiyar kogi, kwalekwale ya kife. A nan Iya kan shafo mana jiƙaƙƙen hannunta mai ƙarnin kifi a fuska, mu watse muna tofar da yawu.

Bara ƙanena Bukar ya kawo wani tabarau daga Kano, irin wanda ake ɗaurawa a fuska a ga wata duniya. Ya haɗa shi da kwamfutar da nake buga wa mutane takardu. Da, in na tashi daga aiki takan yi barci da kanta. Sai ta daina, ban lura ba. Muka je biki Birniwa, muka dawo kwamfutar ta shanye batirin solar gidan, firiza ta mutu, kifin da matata Hajara take sayarwa ya ruɓe. Ruwansa ya malalo har ƙofar ɗaki, ga tsutsa. Hajara ta toshe hanci da mayafi tana kwashewa.

Bukar ya duba ya ce, "Yaya, manhajar tabaran ce. Ko an zare wayar tabaran tana nan a ɓoye, tana gaya wa kwamfuta ana aiki. Sai dai ka riƙa kashewa da hannu."

Na ɗauki tabaran. Soson cikinsa ya sha gumin abokansa, yana tsami. Na miƙa masa na ce ya goge manhajar yanzu, ya fita da abinsa.

Muna yara kwaɗon kaɗai muke ƙyama. Sai da na wanke firizar nan na lura cewa a bakin Iya kwaɗo bai shiga gidan da ƙafarsa ba. Ɗaukarsa aka yi, da yauƙinsa, aka kai shi ɗaki.