Tocilar Ƙarfe a Hanyar Fatakwal

Ranar Asabar ta farko a dogon hutun shekarar da na gama aji huɗu na firamare, da hantsi, Mama ta riƙe hannuna muka ratsa caɓin Fegge, unguwarmu a Anacha, zuwa rumfar wani mai kayan lantarki da ke bakin hanyar kasuwa. An kwana ana ruwa, kwatoci sun cika sun tumbatsa, 'yan okada suna watsa wa mutane laka ba ko sannu. Shekarata goma. Washegari zan yi tafiyata ta farko ba tare da iyayena ba, zan bi Gwaggo Asabe, yayar Babana, zuwa Fatakwal in yi hutu a wurinta, Mama kuwa ta ce 'yarta ba za ta hau hanya babu tocila ba. Gwaggon tana biye da mu a baya, ba wanda ya gayyace ta, tana tattare zani tana tsaki, tana faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji, wai ita ba ta taɓa ganin inda ake yi wa yarinya sayayya kamar mai shirin aikin Hajji ba.

Mama 'yar Ibo ce, daga wani ƙauye da ke bayan Anacha. Ta musulunta kafin Baba ya aure ta, a lokacin yana saukar da albasa a kasuwar bakin kogi. Gwaggo ba ta taɓa yafe wannan aure ba. Shekara goma sha biyu ba ta kira sunan Mama ko sau ɗaya ba, sai dai "matar nan", mu kuma 'ya'yanta uku sunanmu "'ya'yan akpu", wato tuwon rogon mutanen kudu. Sau biyu a shekara take zuwa daga unguwar Mile 3 ta Fatakwal, inda take sayar da busasshen barkono, kuma duk zuwanta sai gidan ya canja iska. Gidan haya ne mai dogon lungu, ɗakuna suna fuskantar juna, Hausawa da Ibo da Igala muna shanya a igiya ɗaya. Aikina da asuba shi ne in share lungun, in jera jarkokinmu a layin famfo, in wanke tukwanen jiya kafin in tafi makaranta. Da yamma, bayan an tashi Islamiyya, mu 'yan mata mu taru a ƙofar gida muna tafa hannu muna wasan ten-ten, ko mu zauna 'yar carafke da tsakuwoyin da muka tsinto a bakin kogi. Idan Gwaggo tana gari duk wannan sai a ɓoye. Ta ji ina Ibo da ƙawayena, ta murɗe mini kunne har sai na ga taurari. Ta buɗe tukunyar Mama ta sunsuna, ta mayar da murfi da ƙarfi. Mama ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta amsa ta hanci tana kallon bango. In an kai ƙara wurin Baba, amsarsa ɗaya ce: "Yayata ce, ita ta goye ni." Shi ke nan an rufe magana. Hutun nan ma shawararta ce. Cewa ta yi a ba ta ni ta wanke mini baki, don Hausata ta fara warin manja.

A rumfar, idona ya faɗa kan wata tocila ruwan hoda, ta roba, mai caji, mai fitila iri uku. Irinta ce Gwaggo take da ita, nan take ta zaro tata daga jaka tana juya ta a gaban mai rumfar. Mama ko kallonta ba ta yi ba. Sai ta shiga ɗaukar tociloli ɗaya bayan ɗaya. Ta girgiza a gefen kunne ta ji ko wani abu yana motsi a ciki. Ta kwance gindin ta leƙa ko akwai tsatsa, ta danna sifirin da babban yatsa. Ta sa a zuba batir, ta sunkuya ta haska ƙarƙashin tebur inda yake da duhu, sannan ta buga tocilar a tafin hannu ta ga ko hasken zai yi rawa. Mai rumfar ya gaji, ya tambaye ta da Turancin kasuwa ko aurenta za ta yi. A ƙarshe ta zaɓi wata ta ƙarfe, doguwa, mai nauyi, mai cin manyan batir biyu, ba ta da wani kyau ko na sisi. Ta ce mai caji sai inda akwai wuta, kuma hanya ba ta da soket, amma batir ko a ƙauye za a samu. Ta ƙara da ƙwan tocila ɗaya na ko-ta-kwana, ta naɗe shi a takarda. Da Hausarta mai ɗan karkata ta ce mini, "Tocilar tafiya ba don kyau ake saye ba. Wadda za ta faɗi ta tashi ake nema." Gwaggo ta kwashe da dariya, ta ce, "Wannan taɓarya ce ko tocila? Ai sai a haɗa mata da turmi." Ni kuma, da haushin ruwan hodar da aka hana ni, sai na taya ta dariya. Mama ta juyo ta dube ni, ta ɗaura wa tocilar igiya a zobenta ta miƙo mini.

Washegari bas ɗin bai cika ba sai bayan azahar. Tun kafin mu fita Anacha Gwaggo ta fara. In zauna daidai, in daina kallon mutane, in daina motsa ƙafa. Mama ta ƙunsa mini okpa a ganye, wani irin alale ne na gurjiya da nake so ƙwarai. Ina kwance ganyen Gwaggo ta fizge, ta ce zai cika mota da wari, ta wurga shi ta taga. Na waiwaya ina kallonsa a kan kwalta har wata tirela ta bi ta kai. A bayanmu akwai wani saurayi Bahaushe, ɗan ci-rani mai turin baro, ya tambaye ta cikin ladabi ko jikarta ce. Ta ce, "Ƙanena ne ya yi kwashe-kwashe, ga abin da aka samu." Da Hausa ta faɗa, wadda take cewa ba na ji. Na ji sarai. Na rungume jakata a cinya, ƙarfen tocilar yana tokare mini ciki, na kafe idona a kan gilashi.

Mun wuce Owerri kaɗan, daidai magariba, hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ruwa ya kece, motar ta yi tari sau biyu ta mutu a gefen daji. Fitilunta duka suka ɗauke. Aka rurrufe tagogi saboda feshi, direba ya ɗaga kujerarsa yana taɓa inji, warin fetur ya cika mana hanci. Gwaggo tana da asma. Na san wannan fiton da ƙirjinta ke yi tun a gida, amma ban taɓa jin ya yi tsanani haka ba. Ta lalubo abin shaƙarta daga jaka, ya suɓuce ya faɗi, muka ji ya gangara can ƙarƙashin kujeru, cikin buhuna da jarkoki da ƙafafun mutane. Ta zaro tocilarta ta danna. Ta yi ja kamar garwashi ta mutu, don kwana uku ke nan ba a kawo wuta a Fegge ba. A wancan lokacin mai waya a cikin mota sai an tona, kuma wayoyin ba su da fitila. Wani ya ƙyasta ashana, direba ya daka masa tsawa saboda fetur. Sai na ji yatsun Gwaggo sun damƙe mini wuyan hannu. Da ƙyar ta fitar da kalma biyu: "Ke... tocilar."

Hannuna yana cikin jaka, babban yatsana yana kan makunnin. Ban danna ba. Wannan shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa a gidanmu ba. Na zauna a cikin duhun nan ina sauraron numfashinta yana fita kamar ta bakin tsinke, ina ganin okpata a kan kwalta, ina ganin gwiwoyin Mama a kan siminti. So nake ta roƙe ni. So nake ta kira sunana, ko ta kira na Mama, ko sau ɗaya. Ba zan iya cewa ga tsawon lokacin ba, amma ya isa a karanta Fatiha sau biyu a natse. Mata suka fara salati da kiran Yesu a haɗe. Riƙon da ta yi mini ya fara saki. Saurayin nan na baya ya miƙe yana ihu, "Wa ke da wuta, don girman Allah!" Sai na danna. Haske fari tas ya cika motar. Na zame ƙasa, na kutsa ƙarƙashin kujeru a kan cikina, cikin ruwa da ɓawon gyaɗa, na samo abin a bayan wata jarkar manja. Na miƙa wa Gwaggo, ta shaƙa sau biyu, ta jingina kai, hawaye yana bin kumatunta. Direba ya ari tocilar ya fita cikin ruwan. Ina gani ta suɓuce masa ta daki kwalta, ya ɗauka, tana nan a kunne. Da ita ya gano wayar injin da ta sake, da ita aka tashi motar.

Gwaggo ba ta ce sannu ba, balle na gode. Da safe a ɗakinta na Mile 3 ta karɓe tocilar ta jefa a akwatinta, ta ce yaro ba ya riƙe kayan manya. A kasuwa ina zaune a bayan buhuna ina cire wa barkono tsinke, na ji tana ba 'yan uwanta 'yan kasuwa labari, wai Allah ne ya sa ta matsa lamba a sayi tocila mai ƙwari, da ta biye wa matar nan da tarkacen roba aka kwaso. Idona ya cika, na bar su suka ɗauka yajin ne. Mako shida na yi a wurinta ina ɗebo ruwa, ina wanki, ina sanƙarar da bakina kada Ibo ya suɓuce. Na koma Fegge hannu rabbana. Na zayyana wa Mama komai ina huci, ban da jinkirin da na yi. Tana tankaɗe gari, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Don ta haska aka saye ta. Ta haska." Na ji haushin wannan amsa kusan kamar yadda na ji haushin Gwaggo.

Da ciwon ya kwantar da Gwaggo bayan wasu shekaru, gidanmu aka kawo ta, don ba ta da ɗa. Mama ce ta yi jinyarta har shekara biyu, ita ke dama mata kunu, ita ke juya ta, ita ke wanke zannuwanta a bakin famfo. Har ta rasu "matar nan" take cewa. Ni kuwa ɗakin ba na shiga, sai dai in an aike ni in ajiye kwano a bakin ƙofa in juya.

Yanzu ina unguwar Abakpa Nike, a ƙasar Ibo, da nawa 'ya'yan. Suna fara magana da Hausa su ƙarasa da Ibo, ba mai murɗe musu kunne. In an ɗauke wuta kowa ya zaro waya, ɗaki ya haskaka kafin a ce kwabo, ba su san wani abu wai shi neman haske ba. Gidanmu na Fegge an rushe shi an yi shaguna, Mama ma ta riga mu gidan gaskiya. Ana ce mini mamaci addu'a ake yi masa, kuma ina yi wa Gwaggo, sai dai bakina yakan yi nauyi idan na zo kan sunanta. Abin da na fi so shi ne in sake samun Mama a bakin murhu ko na yini ɗaya, in gaya mata abin da na yi a motar nan, in ji me za ta ce. Ta tafi da haƙurinta, ban koya ba.