Kifin Da Ke Cikin Agogo

A gidanmu ni ce mai ajiye hotuna. Tun ina ajin farko na sakandare Umma ta damƙa min jakar da albam ɗin gidan yake ciki, wai ni kaɗai ce ba na taɓa hoto da hannun maiƙo. Daga nan Kawu, yayan Umma, ya laƙaba min Sakatariya, sunan kuma ya bi ni. Kowa yana cikin albam ɗin nan ban da mutum ɗaya, wato Kaka, mahaifinsu. Ya rasu kafin a haife ni, kuma bai taɓa zama gaban mai hoto ba. Na bar masa shafin farko fayau, ni kaina ban san me nake jira ba.

Kawu gyaran agogo yake yi. A hannun Kaka ya koya, shagonsa kuma ya gada, wani ɗan tsukuku tsakanin tela da mai sayar da kayan wuta. In mutum biyu suka shiga, na uku sai dai ya yi magana daga waje. Akwai tebur da aka shimfiɗa wa farin ƙyalle, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da hantsaki, da 'yan sukundirebobi sirara kamar tsinken sakace, sai gilashin da yake maƙalawa a idon dama. Bango cike yake da agogunan da masu su suka manta da su, kowanne da nasa lokacin. Ina ƙarama nakan tambaye shi, "Kawu, ƙarfe nawa?" Sai ya ce, "Wanne kike so? Akwai na safe, akwai na yamma, duk ina da su."

In aka kawo masa agogo, ba ya fara buɗewa. Kunne yake kai shi tukuna, ya lumshe ido, kamar likita da ƙirjin jariri. Da zarar ya ɗaga murfi kuwa, magana ta ƙare. Ko gaishe shi ka yi sai dai ya ɗaga maka ɗan yatsa, don ya ce numfashin mutum kaɗai ya isa ya tashi da wata kusar. Tun da matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma suka yi nisa, a gidanmu yake cin abinci, kuma ban taɓa jin ya yi kukan wani abu ba sai da idonsa ya fara gani dishi-dishi.

A lokacin ne wani tsohon direba ya kawo masa agogon hannu irin na da, wanda ake murɗa wa kai kowace safiya. Ina shagon ranar, na kai wa Kawu abinci.

"Tun ina yaron mota tsohonka yake duba min shi," in ji direban. "Ba na kai shi ko'ina. In ya mutu, a nan zai mutu."

Kawu ya kai shi kunne, ya ce ba abin damuwa ba ne. Amma kwanaki suka yi ta tafiya agogon yana kwance a buɗe kan farin ƙyalle. Kunnensa ya gaya masa inda ciwon yake, idonsa ya ƙi nuna masa ko mene ne. Wata rana muna cin abincin rana ya ajiye cokali ya dubi Umma.

"Auta, in agogon nan ya gagare ni, zan mayar wa mai shi, in rufe shagon."

"Haba Yaya, saboda agogo ɗaya?"

"Ba ɗaya ba ne. Ba zan zauna ina karɓar kayan mutane ina lalube ba."

Umma ta san yayanta ba ya faɗin abu sau biyu.

Washegari na je shagon na gwada ɗaukar cikin agogon da wayata. Wayar tsohuwa ce, da na matso da ita kusa sai komai ya narke ya zama hayaƙi. Amma na lura da wani abu. Kawu ya karɓi wayar, ya ƙura wa allon ido, ya ce, "Da dai hoton ya fito, wannan hasken ina ganinsa sosai." Ashe abin da ke da haske kuma yake da girma bai gagare shi ba tukuna. A nan na ce masa mu nemi kyamara.

"Ni da ko hoton kaina ba na so, Sakatariya?"

"Ba kai za a ɗauka ba, Kawu. Kai wa zai saya?"

Ya yi dariya, na san ya yarda.

Abin da muka haɗa, ni da Umma, bai taka kara ya karya ba. Ni da Kawu muka je wani shagon kayan lantarki a babban titi, mai kantoci na gilashi. Mai shagon mutum ne mai fara'a da yawan magana. Da na gaya masa iya ƙarfinmu, sai ya sauke hannu daga kanta ta sama, ya fito mana da wata kyamara ja, siririya, mai sheƙi. Gaskiya zuciyata ta tafi da ita nan take. Har na hango ta a jakata.

"Wannan ita 'yan mata ke yayi," in ji shi. "Dubi lambar da ke jikinta, ta fi sauran yawa. Tana jawo nesa kusa. Ga allon shagon can na tsallaken titi, karanta."

Na leƙa, na karanta tsaf. Kawu ya matso gaban kantar. Ya sa hannu a aljihu ya fito da hankici, ya warware shi a kan kantar, ga agogon direba a buɗe.

"Baba, ai nan ba a gyaran agogo," in ji mai shagon yana dariya.

"Na sani, ɗana. Ni ba ni da abin nema a tsallaken titi. Ɗauko min cikin wannan."

Mai shagon ya kara jar kyamarar, ya danna. Hayaƙi, irin na wayata. Ya ja baya, hoton ya fito, amma agogon ya koma kamar maɓallin riga. Ya gwada wata baƙa, ta ɗan fi, sai dai kuɗinta ya wuce kanmu, ga shi ba a ma yi maganar katin ajiye hotuna ba. Na fara naɗe hankicin. Amma shi mai shagon abin ya riga ya shiga ransa. Ya daina tallar, ya tambayi Kawu me yake so ya gani, kuma me ya sami idon. Kawu ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye.

"To ai da kun faɗa tun farko," in ji shi. Ya durƙusa ya laluba kanta ta ƙasa, ya fito da wata ta hannu, mai kauri kamar sabulun wanki, fentin gefenta duk ya goge. "Ba ta da kyau, na sani. Tana da nawa, in ka danna sai ta yi tunani tukuna. A duhu kuma ba ta da amfani. Amma kun ga wannan maɓallin mai alamar fure? Aikinsa ke nan, ɗaukar abin da ke dab da hancinta."

Ya danna furen, ya kashe walƙiyar don kada ƙarfe ya mayar da haske, ya dafa gwiwar hannu a kan kantar, ya ɗauki hoton. Ya miƙa wa Kawu. Kawu ya daɗe yana kallon ɗan allon.

"Akwai abu a nan," ya ce a hankali. "Amma tagar ta yi min ƙanƙanta."

"Kuna da talabijin a gida?" Mai shagon ya jawo wata igiya daga kwali. "Wannan tana haɗa su. Batirinta kuma irin na tocila ne, ko'ina za ku samu."

Na sake kallon jar kyamarar sau ɗaya, na kau da kai. Kuɗinmu ya ishi tsohuwar da katinta da igiyarta, muka taka da ƙafa zuwa gida.

Da la'asar na ɗauki hotunan a bakin tagar falo, inda haske ya fi, sannan na saki labule na haɗa igiyar. Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

Ban san yadda zan kwatanta abin da ya bayyana ba. Cikin agogon da bai wuce faɗin kwalbar turare ba ya cika talabijin ɗin gaba ɗaya. Tayoyi masu haƙora, kowane haƙori a gyare kamar an fere shi da wuƙa, wannan ya shiga cikin wancan. 'Yan duwatsu jajaye suna ƙyalli kamar an ɗiga jini a kan azurfa. Wani siririn sifirin ya naɗe kansa zagaye bayan zagaye, ba inda ya taɓa ɗan'uwansa. Duk shekarun nan ina kai abinci shagon, ban san cikin irin wannan gari Kawu yake wuni ba.

"Ikon Allah," in ji Umma. "Yaya, dama nan kake zuwa kullum?"

Kawu ya tashi ya matsa gaban talabijin ɗin. Ya bi sifirin ɗin da yatsa a kan gilashi, zagaye na farko, na biyu, sai ya tsaya. Wani ɗan silin zare ne ya sarƙe a ciki, a talabijin ya yi kaurin igiyar shanya.

"Ɗan banza," ya ce. "Kai ne ka so ka rufe min shago?"

Na danna hoto na gaba. Wannan ba da nufi na ɗauka ba, gwaji ne kawai na yi da cikin murfin agogon. A kan ƙarfen akwai 'yan zane-zane a jere. Kifaye ne, duk sun fuskanci gefe ɗaya, a ƙarshensu kuma wasu 'yan tsani.

Ludayin Umma ya faɗi ƙasa.

"Kifin Baba!" ta ce. "Wallahi shi ne. Shi yake zana min a ƙarƙashin takalmin makaranta don kada a musanya min."

Kawu ya yi min bayani ba tare da ya juyo ba. Masu gyaran agogo, in sun gama aiki, sukan sa bakin allura su yi 'yar alamarsu a cikin murfi, inda mai agogo ba zai gani ba, don wanda zai buɗe bayansu ya san hannun da ya riga shi. Ta Kaka kifi ce. Tsanin kuma na Kawu ne.

"Na san suna nan," in ji shi. "Na sha ganinsu. Amma Auta, zo ki duba. Suna da ido."

Muka matsa duka. Kowane kifi, wanda a zahiri bai kai ƙwayar riɗi ba, yana da ɗigon ido, da wutsiya mai rassa biyu. Na farkon a miƙe suke sumul. Na ƙarshen sun ɗan karkace, layinsu yana rawa, wutsiyar ɗaya ma ba ta haɗu ba. Amma shi ma an sa masa idonsa.

"Wannan a shekarunsa na ƙarshe ya yi shi," Kawu ya ce, yatsansa a kan karkataccen. "Lokacin nan ko fuskata ba ya rabewa sosai. Bai taɓa gaya min ba." Can ya ce, "Allah ya jiƙan tsoho," muka amsa.

Da safe ya sa na taya shi ɗaukar ƙaramin talabijin ɗin ɗakinsa zuwa shago. Ya ɗaure kyamarar a wuyan fitilar tebur da robar taya, hancinta yana kallon farin ƙyalle. Da farko abin ya ba shi wuya, ido a bango, hannu a tebur, har hantsakin ya riƙa wuce inda aka aike shi. Tela ya leƙo ya ce, "Yau kuma gidan kallo aka buɗe? Nawa ne shiga?" Kawu ya ɗaga masa ɗan yatsa. Ina tsaye na ga bakin hantsakin ya shigo cikin allon, ƙato kamar almakashi, ya tsaya cak, ya kama zaren, ya zare shi a hankali. Tayar ta motsa, ta dawo, ta sake motsawa. Kawu ya kai agogon kunne ya lumshe ido.

Kafin ya rufe murfin ya ɗauki allura ya ƙara tsani ɗaya a ƙarshen layin. Ya ɗan karkace. Ya kalle shi a talabijin, ya ce, "Ba laifi, na bi gida."

Direban ya zo ya karɓi agogonsa, ya ɗaura, ya ce ai shi dama ya san ba inda za shi. Shagon yana nan a buɗe. Kyamarar kuma ba ta taɓa shiga jakata ba, tana can ɗaure da fitila, sai dai in ara ranar da ba aiki. Amma na kai katin an wanke min hoton murfin nan babba, na manna shi a shafin farko na albam. In baƙi suna dubawa sukan tambaya, wannan kuma mene ne? Sai in ce Kakanmu ne, in nuna musu idon.