Gadar Sadakar da Na Ƙi Dafawa

Shekara goma sha ɗaya ke nan, a wannan kakar da muke ciki, da Allah ya karɓi ran maigidana, maharbin nan da mutanen Horo Birni sunka sani. Ban taɓa kama sunansa ba yana raye, ba kuwa a jarida zan fara ba. Ni ban yi boko ba. Da baki nake faɗa, maƙwabciyata ke rubutawa, na kuwa ce mata kada ta gyara mini magana ko da ta yi ɗaci.

Kowace shekara, in an gama yankan gero, nakan yi masa sadaka. Tuwo ne da naman daji, domin da naman daji ya ciyar da gidan nan tun ina amarya har na yi jikoki. Ɗanmu Haliru, tela a kasuwar Bodinga, shi ya gaji bindigar, shi ke kawo naman. Bana ya kawo gada, na ƙi dafa ta. Magana ta cika gari, wasu na cewa tsufa ya taɓa ni. To ga yadda abin ya faru, mai hankali ya auna.

Bindigar marigayi mai lasin ce, kuma tana da madubi a bisanta, irin wanda ake leƙawa ya jawo abu kusa. Wani likitan dabbobi da yakan raka daji a zamanin ƙuruciyarsu ya bar masa shi. Na taɓa leƙawa. Ba komai a ciki sai zare biyu siraran gaske, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, sun gicciye a tsakiya. Shi ke nan. Farkon rani yakan kife tsohuwar ƙwarya bisa suri a bayan gari, ya ja da baya zuwa wani wuri da shi kaɗai ya sani, ya harba har harsashi ya riƙa faɗawa daidai gicciyen. Nisan nan shi ne iyakarsa har ya koma ga Allah. Yakan ce in bai ga motsin kunnen gada da idonsa na Allah ba, to ba tasa ba ce tukuna.

Don haka sai rarrafe. Ya ɗaura kan burtu a goshi, ya duƙa, ya riƙa tafiya yana gyaɗa kai kamar tsuntsun, har dabba ta saki jiki da shi. Ni na san wannan rarrafen fiye da kowa, domin ni ke banke gwiwar wando, ni ke cire ƙarangiya daga rigar, ni ke zare ƙaya daga tafin hannu. Ba mutum ne mai sauƙi ba. Ga shiru, ga taurin kai. Sau da yawa ya dawo hannu wofi, in na tambaya ya ce, "Na gan ta, ba ta matso ba." Sai mu sha miyar sure, wato yakuwa, ba nama, yara na tura baki.

Amma in ya kawo, ya kawo. Ni ban san bindiga ba, abin da bindiga ke kawowa tsakar gida na sani. Huda ɗaya, ƙarama, a bayan karfata, wato kafaɗa. Wuya a yanke, jini ya kwarara har ƙirji ya bushe a gashi. In anka farke ciki tumbi na nan lafiyarsa, hanta jawur, nama na ƙamshin ciyawa. Haka na saba gani har na ɗauka haka naman daji yake a ko'ina.

Bara waccan Haliru ya zo gaishe ni da wani abu naɗe a ƙyallen atamfa. Madubin ubansa ne, ya kwance shi daga bindiga.

"Inna, aje wanga, na tarihi ne. Na samo sabo, zo ki gani."

Na leƙa. Gicciyen na nan, amma a ƙarƙashinsa ga ɗige-ɗige sun jeru ƙasa kamar ƙwayoyin tasbaha.

"Mi ne ne wanga ƙyasbin?" in ji ni.

Ya yi dariya. "Inna, harsashi in ya yi nisa ƙasa yaka yi. Na Baba sai ka matsa har ka ji numfashin dabba. Wanga kuwa, in ta yi nisa ka ɗora mata ɗigo na biyu, in ta ƙara na uku. Ba rarrafe, ba burtu. Kina zaune kamar a shago."

"To wa ke gaya maka nisan?"

"Gonaki nika ƙirgawa. Ɗigo guda, gona guda."

Gona guda! Gonar wa? A Horo Birni, abin da ke gona guda a zamanin ubansa yau gado ya tsattsaga shi. Wannan na mai 'ya'ya uku ne, da faɗi. Na kusa da shi na mai 'ya'ya goma sha ne, jaki in ya kwanta a gicciye sai wutsiyarsa ta shiga gonar maƙwabci. Da wannan awon ne tela, mutumin da ba ya yanka yadi sai ya sa tef, zai aika da gubar dalma cikin abu mai rai. Na faɗa masa. Ya ce a waya ya ga Turawa na harbi daga wannan dutse zuwa wancan. Na ce su Turawan gonakin Horo suke ƙirgawa?

Ba zan zalunce shi ba, yana da hujjarsa. Dajin da ubansa ya yi rarrafe a ciki babu shi. An sare, an nome, fili ne fetal, gada na hango mutum tun daga nesa. Inda sauran duhuwa ta rage kuwa mai hankali ba ya shiga yanzu, kowa ya san su wa ke ciki. Na kuma tambayi wani tsohon abokin farautar marigayi a Kajiji, ya ce ɗigon ba ƙarya ba ne, yana aiki ga wanda ya auna nisa da abin awo, ya kuma sa irin harsashin da anka yi madubin dominsa. Na ce Haliru fa? Ya kawar da kai ya shiga zancen albasa.

Tun daga lokacin naman da ke shigowa gidan nan ya sake. Wata rana cinya a farfashe, ƙashi ya zama tsaki cikin tsoka. Wata rana zomo rabi. Wata rana ba komai sai labari: "Na same ta, Inna, wallahi na same ta, ta dai gudu da shi." Yana faɗa yana murna, kamar gudu da harsashi a ciki wani rabin nasara ne. Nakan tuna maigidana in ce, da yana raye mi zai ce? Na san ba zai ce komai ba. Zai tashi ne ya bar wurin, kuma tashin nan nasa ya fi zagi ciwo.

Sai ga bana. Ana gobe sadaka, da hantsi, na ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Haliru ya shigo da buhu a kafaɗa, ƙudaje na biye da shi. Ya zazzage bisa tabarma. Gada ce babba, mace. Ciki ya kumbura, ƙafafu sun sandare. Hudar na can baya, kusa da mara, wani ruwa kore-kore na tsattsafowa. Warin da ya bugi hancina ba zan iya kwatanta shi a jarida ba, mutane na karantawa suna cin abinci.

"Yaushe ka harbe ta?"

"Jiya da la'asar. Ta shige kara. Yau da sahe na iske ta da sauran numfashi, na yi bisimilla na yanka."

Na durƙusa na juya wuyan. An yanka, gaskiya ne, har maƙogwaro ya rabu. Amma bakin yankan fari ne fat, kamar an tsaga kabewa. Ko ɗigon jini babu a gashin ƙirji. Duk macen da ta taɓa figar kaza ta san abin da wannan ke nufi. Abin da ya mutu ba ya zubar da jini.

"Haliru, dube ni."

Ya dubi tabarma.

"Mushe ka yanka."

"Inna, ai na yi bisimilla tun wurin harbi."

"In bisimillar harbi ta ishe ka, mi ya kai wuƙa wuyanta? Don wa ka yanka, don Allah ko don ni?"

Ita dabbar ta kwana tana jan hanjinta cikin kara har rai ya fita, wannan ƙazanta ɗaya. Amma mutum ya tsuguna gaban gawa, ya zare wuƙar ubansa, ya yi mata yankan ƙarya don ya rufe idon uwarsa, a dafa a raba wa bayin Allah da sunan sadakar mamaci, wannan ita ce babbar ƙazantar. Na sa anka ja ta bayan gari anka binne.

Da na so, da na aika kasuwar Shagari an sayo naman akuya, an rufe magana. Ban so a rufe ba. Washegari anka tuƙa tuwo, anka kaɗa miyar sure, anka fitar. Ina zaune ina kallon tsofaffi na laluben ƙasan kwano da yatsa. Duk wadda ta tambaye ni ina naman bana, na ce ta tambayi mai madubi.

Bayan la'asar ya zo ya tsuguna bakin ɗakina.

"Inna, kin kunyata ni gaban gari."

"Awo, na kunyata ka."

"Da na Baba ba ni samun komi. Zamanin ya wuce. In na mayar da shi, shekara za ta zagayo ban kawo ko zabo ba."

"Sai a sha sure."

"Ni dai ba ni cire shi."

"Ni kuma ba ni dafawa."

Ya daɗe a tsugune, sa'annan ya ce a gafarce shi, ya tashi. Ban san ko gafarar mushen yake nema ko ta tafiyar ba. Har yau da nake wannan magana bai sake zuwa ba, sai dai ya aiko da gaisuwa. Ɗana ne, ina kewarsa, ba zan ɓoye ba. Amma ban aika a kira shi ba.

Ku masu bindiga da ke tsaye gaban mai kaya kuna zaɓe tsakanin mai gicciye da mai ɗige-ɗige, ba ni da ilimin da zan ce muku ga wanda ya fi. Abin da na gani kawai, mai gicciye yakan ce wa mutum tsaya nan, mai ɗige-ɗige kuwa kullum yana da sauran ɗigo guda a ƙasa da zai ce gwada mana. Wanda bai da mai tsawata masa a zuciya, madubin ba zai tsawata masa ba.

Nakan zauna in lissafa abin da ya rage na maigidana. Bindigar na nan, amma da idon wani take kallo. Kan burtu gara ta cinye. Sunansa ma yaran gari ba su sani ba. Abin da ya fi kowa iyawa ba harbi ba ne, sauke bindiga ne, ya ga nama a tsaye, gida ba nama, ya juyo. Wannan ba a raba shi a gado, na kuwa duba cikin 'ya'yansa ban ga wanda ya ɗauka ba. Ɗan abin da ya saura yana bakin tukunyata, ni kuma tsohuwa ce. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa sadakar sure ta isa gare shi da tsarkinta.

Baɗi, in da rai, zan ɗora tukunya in jira. In Haliru ya zo da buhu zan karɓa, in sa masa albarka, sa'annan in durƙusa in juya wuyan. Shekaru ina ganin wuyan naman ubansa, gani ne kawai. Na ɗan cikina kuwa bincike zan riƙa yi har in mutu, kuma wannan ya fi warin gadar ci mini rai.