Daɓen Inna a ƙarƙashin siminti

Ɗakin Inna a Madarumfa yana da daɓe ja mai duhu, mai santsi kamar bayan ƙwarya. Ita da ƙawayenta suka buga shi tun ba a haife ni ba, da tsakuwa da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa. In zafin bazara ya tsananta nakan kwanta in manna kumatuna a kansa ina bitar karatu, sanyinsa yana ratsa ni kamar na bakin tafki. Ƙawayen nan duk sun rasu, kafaɗar Inna kuma ta daina ɗaguwa. A iya sanina, babu sauran irinsa a garin.

Da na gama jami'a a Maraɗi na samu aiki a wani ƙaramin biro, wato ofis, inda muke haɗa masu sana'a da malaman bincike. Akwai wani Alhaji mai ƙawata cikin gidaje da otel, ya gaji da karo na waje, wato tayil ɗin shimfiɗa a ƙasa, da ke iso masa a farfashe ta hanyar Ɗan Issa. Akwai kuma wata Malama a jami'a da ke gwada yin karo da ƙasarmu, amma duk wanda ta yi sai ya tsage. Shi yana cewa mutanen jami'a takarda kawai suka iya, ita tana cewa 'yan kasuwa ba su da haƙuri. Wata bakwai na yi ina kai da komowa kafin suka yarda da abu ɗaya: za su zo su ga daɓen Inna da idonsu. In ya gamsar da su, Alhaji zai ba da wurin aiki, Malama ta binciki haɗin, Inna ta koyar. Aka sa ranar Alhamis.

Na kira Yaya, babban wanmu, na gaya masa manyan baƙi za su zo ganin daɓen. Ya ce to.

Ranar muka iso da hantsi a motar Alhaji. Tun daga zaure na ji wani wari da ba na gidanmu ba. Na ɗaga labulen ɗakin Inna, sai na ga siminti, toka-toka, daga bango zuwa bango.

Na ce, “Yaya, me ka yi?”

Ya ce, “Me na yi? Na rufa mana asiri. So kike su ɗauki hoton uwarmu zaune kan ƙasa, a ce tana da 'ya'ya har da mai digiri, buhun siminti ya gagare su?”

“Ƙasar suka zo gani!”

“Haka suke cewa. Ke dai boko ya cinye miki kai.”

Na juya wajen Inna. Tana zaune kan tabarma cikin zanenta na sallah, ta sunkuyar da kai. Ta ce a hankali, “Ɗiyata, ya riga ya sayo. Ta yaya zan ce masa a'a?”

Ban san lokacin da na ɗauko fartanya ba. Na durƙusa a bayan ƙofa ina sara, a gaban baƙi, gyalena ya zame. Na ɗauka daɓen yana nan lafiya a ƙasa, in na ɓamɓare ko tafin hannu ɗaya zai haskaka. Ashe magini ya sassare fuskarsa tukuna don siminti ya kama. Abin da ya fito jan gari ne da tsakuwa.

Alhaji ya duba agogo. Ya ce, “Yarinya, tashi, kar ki ji ciwo. Ni abin da zan nuna wa masu otel na zo gani. Labari kam na sha ji.” Malama ta tsuguna ta ɗebi garin a ambulan, amma na san don kada in ji kunya ne. Suka sha ruwa, suka gode wa Inna, suka tafi. Ban bi su ba.

Da la'asar Inna ta ce madaɓinta, icen da ta buga daɓen da shi, yana cikin rumbu, in ɗauko. Icen ya yi baƙi, wurin riƙon ya lotsa daidai yatsunta. Na jiƙa makuba, na share wani ɗan wuri a gindin bango. Ita tana zaune tana cewa ƙara ruwa, ya isa, buga nan, ba haka ba, saki hannunki. Su goma sha biyu suka buga nata suna waƙa. Ni kaɗai ce, waƙar ma ta ce rabi ta ɓace mata.

Kwana uku na yi ina bugu har tafina ya yi bororo ya fashe. A rana ta huɗu na fito da safe na tarar ɗan daɓen da na buga ya tsage gida uku. Inna ta shafa tsagar da ƙafarta, sannan ta ce akwai wani abu da suke zubawa kafin makubar, bari ta tuna.

Na zauna kusa da ita da madaɓin a cinyata ina jira.