Ranar da Na Rungume Ɗan Farina

Akwai ranar da ba za ta fita daga raina ba, sai dai in an kai ni makwancina.

A lokacin ina sayar da shinkafa da wake a ƙofar wani sito a Sharaɗa. Ɗana na fari a ciki yake aiki. Shi ne mai hawa can saman kaya yana jera kwalayen taliya, ana cilla masa yana cafewa. Kun dai san kunyar ɗan fari. Ban taɓa faɗar sunansa ba, ban taɓa riƙe shi a gaban mutane ba. In ya zo cin abinci, kamar baƙo nake zuba masa.

Ran nan, dab da azahar, sai ga wani abokin aikinsa a guje. "Inna, ku taso, naku ne! Kwali ya burma da shi, ya faɗo!"

Na tarar da shi rigingine a kan siminti, taliya ta warwatse ko'ina. Idonsa biyu, har yana motsa yatsun ƙafa. Wannan kam na gani, da idona na gani.

Maigadi, wani dattijo tsohon soja, ya tare mutane. "Kada wanda ya taɓa shi! A kawo katako, a ɗauke shi a miƙe."

Na ce, "Katako, Malam? Sai ka ce gawa? Ku ba ni wuri."

"Hajiya, don Allah ku bari. Bayansa ne."

Ban saurara ba. Kunyar shekara da shekaru ta gudu ta bar ni. Na durƙusa, na tallabo shi, na tayar da shi zaune, na rungume shi a ƙirjina. Ya yi ƙara sau ɗaya. Can sai ya ce a hankali, "Inna, ba na jin ƙafafuna."

A asibiti likita ya tambaya ko wa ya ɗaga shi. Kowa ya sunkuyar da kai. Na ce ni ce. Ya dube ni, ya ci gaba da rubutunsa.

Yau yana gida a Zawaciki, a kan keken guragu, 'ya'yansa ke tura shi masallaci. Kullum yakan ce, "Inna, haka Allah ya rubuta." Na yarda. Amma ni na ga yatsun nan suna motsi kafin in sa hannu.

Don haka nake gaya wa jikokina, in mutum ya faɗo daga sama, ko naka ne, ko zuciyarka za ta fashe, kada ka ɗaga shi. Ka riƙe hannunka, ka saurari wanda ya sani.