Numfashina a Bakin Kowane Baiti

Na daɗe ina bayar da waƙa a zumuntar mata ta cocinmu a Narayi, kafin a yi mini aiki a maƙogwaro. Na warke, amma muryar ba ta dawo ba, sai raɗa. Ranar godiyar kaka ta matso, ga sabuwar waƙa na tsara, kuma ina so ni in bayar da ita ko da sau ɗaya ne.

Mai buga mana tulu tana aikin haɗa tallan rediyo a Barnawa. Ita ta karɓi tsofaffin kasakasaina ta zuba wa kwamfuta, ta rubuta mata baitocin, sai ga na'ura tana rerawa da muryata. Ta ƙara mata amo kamar na cikin babban ɗaki. Na ji kaina ina da shekara arba'in.

A wurin gwaji abin ya watse. Na'ura ta ɗauko baiti, matan suka shigo a warwatse, wasu gaba wasu baya. Sau huɗu.

"Mama, wannan 'yar taki ba ta da ladabi," in ji wata mai amshi. "Ko sallama babu, sai dai ta faɗo mana ka."

Aka yi dariya, ni kuwa na gane. A dā aikin jinya ya kai ni Duwala ta Kamaru da Khartum. A Duwala mawaƙa hannun shugaba suke kallo, a Khartum na ga masu bin ƙafarsa. Matanmu ba sa kallon kowa. Jan numfashina suke saurara, da shi suke sanin zan ɗauko baiti, su shirya. Ban taɓa lura ba sai ran nan. Na'urar kuwa ba ta numfashi.

Na raɗa wa mai tulu haka. Ta ce, "To Mama, ai shi numfashin, likita bai cire ba."

Washegari na tsaya gaban makirfo a shagonta, ina jan numfashi kamar zan rera, ina tsayawa. Ta yanka, ta manna ɗaya a bakin kowane baiti.

Ranar godiya, ga doya da dawa jibge gaban bagaden coci, na tsaya a wurina na kullum. Lasifika ta ja numfashi, na ji ƙirjin mata talatin ya ɗago tare. Muryar ta dā ce, ta kaset. Numfashin kuwa nawa ne na wannan makon, kuma shi suka bi.