Na Ɓoye Takardar Ɗana A Zanena

Ni mace ce da ba ta shiga lakwal, wato makarantar boko, ba sai da ta haifi 'ya'ya biyar. Ina sayar da kunu a Sabon Gari na shiga makarantar manya, kuma a lokacin ji nake babu wanda ya fi ni sani, ga bakina ba ya da birki. Da wata ƙungiya ta nemi matan da za su raba wa 'yan kwaleji takardun tambaya a kan taba da giya da ƙwaya, ni ce ta farko a layi. An yi mana gargaɗi cewa ba a sa suna, ba a leƙawa, daga hannun yaro sai cikin kwali. Ni da bakina na rantse wa yaran da haka.

A Jiratawa ɗana na biyu yake karatu, a gidan kawunsa mai gonar rani. Ranar da aka tura mu makarantarsu, ina tattara takardu na gane rubutunsa, don a kayensa, littafinsa na rubutu, nake koyon haɗa baƙi. Ya amsa cewa yana shan tiramol kullum. Na naɗe takardar na tura a zane, na jira shi a ƙofar makaranta, na mare shi a gaban abokansa ina kaɗa ta a sama, ina ce masa ɗan ƙwaya. Bai yi kuka ba. Ya tambaye ni kawai, Inna, ba ke kika rantse ba?

Labari ya riga mu zuwa Tibiri, garin da za mu je gaba, yara suka ƙi amsa komai, aka sallame ni. Shi kuma bai sake shiga aji ba, ya bi masu haƙar zinari arewa. Sai bayan tafiyarsa na juya bayan takardar. Ya rubuta cewa ban ruwa da asuba kafin aji ne ya sa ya fara, yana so ya daina, yana tsoron uwarsa, a taimaka masa da likita.

Shekara uku ke nan. Yana kiran yayarsa, in na karɓi wayar sai ya kashe.

Iyaye 'yan'uwana, yaron da ya faɗi gaskiya taimako yake nema. Ku bar shi ya gama magana. Nawa ya nema, da mari na amsa masa.